Ninki da Kauɗa

Na kai wa Davou kaset ɗin Baba
a shagonsa na bayan Taminus,
inda wayoyi ke kwance ciki a buɗe
kamar kifi a faranti.
Minti casa'in ne, gaba da baya,
muryar tsohon da ya haƙi kuza a Bukur
har bayansa ya lanƙwashe.
An ɗauke ta ran da aka yi ruwan ƙanƙara.

Davou ya juye ta a kwamfuta, ya ce,
“Ta yi nauyi, Malam.
Ba za ta bi waya ba sai an matse ta,
matsi kuwa iri biyu ne. Zaɓi.”

Na ce ban san ana zaɓen matsi ba.

Ya ce, “Na farko ninki ne.
Ka ga zanen da tsohuwa ke sawa a akwati?
Ya ƙanƙance, amma ko zare bai fita ba.
Inda abu ya maimaitu sau ɗari
na'ura ba ta wahalar da kanta,
sai ta rubuta: kaza, ɗari,
kamar dillalin Farin Gada
da ba ya zana kowane kwando a littafi.
Ran da ka warware, komai na nan.
Sai dai nauyin ba ya raguwa can can.
Rabi, in ka taki sa'a.

“Na biyu kauɗa ce.
A yanka tumatir, a shanya a kan dutse,
kwando guda ya shige leda.
Ka yi miya, baƙo ya sha ya yi santi.
Amma ko ka jiƙa ta kwana bakwai
ba ta komawa ɗanya.
Na'ura kan zubar da abin da take zato
kunne ba zai yi cigiyarsa ba.”

Na lissafa kuɗin data. Na ce kauɗa.

Kafin magariba ta isa wurin Kande a Gwagwalada,
ta isa wurin Tanimu a barikinsu.
Kande ta bugo tana kuka:
Baba ne sak, wallahi, Baba ne sak.

Ni kuwa da dare, a Unguwar Rogo,
na toshe kunnuwa na saurara.
Kalma ko ɗaya ba ta ɓata ba.
Ga sunan Baturen awo, ga farashin kwano,
ga ramin da ya rufta da mutum shida.
Amma ƙanƙarar da ke dukan rufi ɗaya-ɗaya
ta koma shuu, kamar ana suya a maƙwabta.
Cokalin Inna a kofin shayi, can baya,
babu shi.
Sai ɗan siririn fiton nan
da ƙirjinsa ke yi kafin kowace magana,
ladan da ƙurar rami ta biya shi,
wanda da shi nake gane shigowarsa zaure tun ina yaro,
na'ura ta ɗauka datti ne
ta share.

Da sassafe, hazo bai bar duwatsu ba,
na riga Davou zuwa shagonsa.
Ya dube ni, bai tambaya ba.
Ya ce, “Ban goge ta asali ba.
Wa ke yin kauɗa ya ƙone gona?”
Ya ninke mini ita a ɗan filashi
da bai kai ɗan yatsa ba.
Yana miƙo mini ya ƙara da cewa,
“Ko kaset ɗin ma, ai ba duka ya kwaso ba.”

Gaskiyarsa.
Ina ƙanshin citta? Ina hannun da ke kan gwiwata?
Kaina ma haka yake yi mini:
kowace shekara ya sake shanya Baba,
ya rage wani abu bai faɗa mini ba,
ni kuma in ce sak ne.

Filashin yana akwatin Inna yanzu,
tsakanin atamfa biyu da ba ta ƙara ɗaurawa.
Ban cika buɗe shi ba.
Ya ishe ni in san fiton yana ciki, a ninke.